Hazon Bauchi da hasken leza: Yadda kimiyya ke tantance abin da ke yawo a sararin sama

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, akwai ranakun da wanda ya tsaya a bakin Kasuwar Wunti ba zai iya hango duwatsun da suka kewaye birnin Bauchi ba. Rana takan fito fara fat, ba ta da kaifi, har mutum ya iya kallonta ido da ido. Leɓɓa su tsage, maƙogwaro ya bushe, motar da aka wanke da asuba ta koma ruwan toka kafin azahar. Bahaushe ya daɗe da raɗa wa wannan yanayi suna, shi ne hazo.

Ga ma'aikacin da ya yanki tikiti daga Abuja zuwa Filin Jirgin Sama na Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Durum, hazo yana nufin zaman jira, ko soke tashi, ko doguwar tafiya ta Akwanga da Jos. Ga likita a asibitin koyarwa na Bauchi kuwa, lokaci ne na tari da asma da fargabar sanƙarau. Duk da haka, kalmar hazo suna ce kawai ta abin da ido ya gani. Ba ta faɗin ko ƙurar hamada ce zalla ko ta cuɗu da hayaƙin ƙunar daji, ba ta faɗin tsayin da take tafiya a kai, ba ta kuma faɗin lokacin da za ta sauko inda mutane ke shaƙa. Waɗannan tambayoyi uku su ne wani reshe na kimiyya ya shafe shekaru sama da 60 yana neman amsarsu ta hanyar harba haske sama da kuma nazarin abin da ya dawo.

Daga Bodele zuwa Bauchi

Kaso mai yawa na ƙurar da ke lulluɓe Arewacin Najeriya a lokacin hunturu yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, tazarar fiye da kilomita 1,000 arewa maso gabas da Bauchi. Shekaru dubbai da suka wuce, wurin ƙarƙashin ruwa yake, domin wani yanki ne na tsohon Tafkin Chadi a zamanin da ya ninka girmansa na yau sau da dama. Da ruwan ya ƙafe, sai ya bar farar ƙasa marar nauyi, wadda yawancinta ragowar kwanson wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani.

Kwarin yana kwance ne a bakin wata kafa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi. Idan iskar arewa maso gabas ta matsu a wannan kafa, sai ta ƙara gudu, ta kwashi farar ƙasar ta cilla ta sama. Hakan na faruwa kimanin kwana 100 a shekara, abin da ya sa masana ke ɗaukar Bodele a matsayin wuri guda da ya fi ko'ina fitar da ƙura a doron ƙasa. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu, abin da ya tashi a can yana iya isowa Maiduguri da Kano da Bauchi.

Sai dai ba ƙura kaɗai ke sararin Bauchi a wannan lokaci ba. Watannin hunturu su ne na ƙunar daji da ƙona kara a gonaki, ga hayaƙin itacen girki da na janareta da na manyan motoci. Duka suna haɗuwa su zama abu ɗaya a ido, alhali illarsu ga huhu da yadda suke tare hasken rana sun bambanta.

Kayan aikin da aka saba da su kowanne yana ba da ɓangare ɗaya ne na labarin. Jami'in yanayi a filin jirgi yana auna nisan da ido ke iya gani a ƙasa, kuma idan ya gaza mita 1,000, Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, takan kira shi hazo mai kauri. Hoton tauraron ɗan'adam yana nuna faɗin ƙasar da ƙurar ta rufe. Na'urar auna hasken rana, irin wadda ke Jami'ar Ilori tun 1998 a ƙarƙashin tsarin AERONET na hukumar NASA ta Amurka, tana ba da jimillar ƙurar da ke tsakanin ƙasa da rana. Babu ɗaya daga cikinsu da ke yanka sararin sama hawa-hawa ya nuna abin da ke kowane hawa.

Amsa-kuwwar haske

Na'urar da ke yin wannan aiki ita ake kira laida. Tsarinta ɗaya da na rada, sai dai ita da hasken leza take aiki. Wanda ya taɓa ƙwala kira a gindin dutse ya ji muryarsa ta dawo ya riga ya fahimci tushen abin: gwargwadon jinkirin amsa-kuwwar, gwargwadon nisan dutsen.

Laida takan harba ɗan guntun haske miƙe zuwa sama, dubban lokuta a minti guda. Duk ƙwayar ƙura ko ɗigon ruwa da hasken ya ci karo da shi yakan maido da wani ɗan kaso ƙasa, inda madubin hangen nesa ke jiran sa. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Don haka abin da ya dawo bayan kashi 10 cikin miliyan na daƙiƙa, daga tsayin kilomita ɗaya da rabi ya fito. Wanda ya dawo bayan kashi 20 kuma, daga kilomita uku. Kwamfuta takan jera waɗannan amsoshi ta zana hoton sararin sama daga rufin ɗaki har zuwa inda gajimare ke tafiya, dare da rana.

Dabarar kusan tsarar lezar kanta ce. A 1960 ne Theodore Maiman ya ƙera leza ta farko a Amurka, kuma zuwa 1963 Giorgio Fiocco da Louis Smullin sun riga sun harba ta sama sun gano ƙura a can ƙololuwar iska. Matsalar da ta rage ita ce, amsa-kuwwar tana nuna akwai wani abu a tsayi kaza, amma ba ta faɗin ko mene ne.

Alƙiblar kaɗawar haske

Mafita ta zo ne daga wata siffa ta haske da idon ɗan'adam ba ya lura da ita. Haske yana tafiya ne yana kaɗawa, kamar igiyar da aka ɗaure a turke ana girgiza ɗaya bakin. Ana iya girgiza igiyar sama da ƙasa, ana iya girgiza ta dama da hagu. Hasken rana cakuɗe yake da kowace alƙibla, amma ana iya sa hasken leza ya fita yana kaɗawa ta alƙibla ɗaya tak.

Idan irin wannan haske ya bugi abu mai siffar ƙwallo, kamar ɗigon ruwa, yakan dawo da alƙiblarsa yadda ya tafi. Idan kuwa ya bugi abu mai kusurwoyi da gefe-gefe, kamar ƙwayar ƙura ko ƙanƙarar gajimare, yakan yi ta karo a jikinsa, har wani kaso ya dawo a karkace. A bakin madubin, na'urar takan raba hasken da ya dawo gida biyu, wanda ya riƙe alƙiblarsa da wanda ya karkace, sannan ta kwatanta yawansu. Richard Schotland da Kenneth Sassen na cikin waɗanda suka fara nuna amfanin wannan dabara a 1971, wajen bambance gajimaren ruwa da na ƙanƙara.

A kan ƙurar Sahara, awon da masana daga Jamus suka jagoranta a kudancin Maroko a 2006 ya nuna cewa hasken da ya dawo a karkace yakan kai kimanin kashi 30 cikin 100 na wanda ya dawo daidai, idan koren haske aka harba. Hayaƙin ƙunar daji, da yake ƙwayoyinsa ƙanana ne kuma sun fi kusa da siffar ƙwallo, yawanci bai kai kashi 10 ba. Wannan tazara ce ke bai wa masana damar cewa hawa kaza ƙura ce, hawa kaza hayaƙi ne, wancan kuma gauraye ne, har su ƙiyasta rabon kowanne.

Abin da aka gani a Yamai

Gwaji mafi kusa da Bauchi ta fuskar yanayi shi ne wanda aka yi a Jamhuriyar Nijar a 2006, ƙarƙashin babban shirin binciken damunar Afirka ta Yamma da ake kira AMMA. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta girke tashar awo ta tafi-da-gidanka a filin jirgin saman Yamai tsawon wannan shekara, da laida a cikinta. An kuma girke wasu na'urori a ƙauyen Banizumbu, kimanin kilomita 60 gabas da birnin. A watannin Janairu da Fabrairu, jirgin binciken yanayi na Birtaniya ya yi ta shawagi daga Yamai yana ratsa hazon yana ɗibar samfuri.

Sakamakon ya nuna cewa sararin Sahel a lokacin hunturu hawa biyu ne. Daga ƙasa zuwa wajen kilomita ɗaya da rabi ko biyu, ƙurar hamada ce ta fi yawa, tana tafe daga arewa maso gabas. A samanta kuma, har zuwa kilomita huɗu ko biyar, hayaƙin ƙunar daji ne da ya taso daga kudu ya hau bisa iskar hamada. Wanda ke ƙasa abu guda yake gani, amma gaskiyar ita ce baƙi biyu ne daga ɓangarori biyu, ɗaya a kan ɗaya. Bauchi, da take kudu da Yamai kuma ta fi kusa da dazuzzukan da ake ƙonawa, tana cikin yankin da waɗannan iskoki biyu ke gamuwa.

Launi ɗaya ko bakan gizo

Leza ta yau da kullum launi ɗaya take fitarwa, kuma wannan shi ne ƙarfinta, shi ne kuma iyakarta. Ƙwayoyin da suka yi ƙanƙanta sosai sun fi watsa shuɗin haske a kan ja, abin da ya sa sama takan yi shuɗi bayan ruwan sama ya wanke ta. Manyan ƙwayoyi irin na ƙura kuwa kusan daidai suke watsa kowane launi, shi ya sa sararin hunturu ke yin fari-fari. Ke nan wanda ya harba launuka da yawa a lokaci guda zai iya gane girman ƙwayoyin, ba siffarsu kaɗai ba. Bugu da ƙari, kowace iska, tururin ruwa ne ko ozon ko methen, tana da launukan da take haɗiyewa. Idan aka tura bakan gizo cikakke aka duba launukan da suka ɓace a hanya, an san iskar da ta cinye su.

A 1970, Robert Alfano da Stanley Shapiro suka gano cewa idan aka cusa guntun hasken leza mai tsananin ƙarfi cikin gilashi, yakan fito ya baje ya zama farin haske mai ɗauke da launuka barkatai, amma yana nan a miƙe kamar leza. Daga baya aka gano iska ma tana yin haka. A 1999 cibiyoyin bincike na Faransa da Jamus suka ƙaddamar da shirin Teramobile, inda suka haɗa irin wannan leza cikin kwantena da ake iya ɗorawa a mota. Kowane harbi nata yana ɗaukar kimanin femtosakan 70, femtosakan ɗaya kuwa kashi ɗaya ne idan aka raba daƙiƙa gida biliyan sau miliyan. A cikin wannan ɗan lokaci ƙarfinta yakan kai terawat biyar, wato kusan ninki 1,000 na wutar da babban layin lantarki na Najeriya ya saba ɗauka. Amma saboda gajartar lokacin, makamashin harbi ɗaya bai isa ya kunna ƙwan fitila na daƙiƙa guda ba.

Irin wannan harbi yakan matse kansa a cikin iska ya zama siririn zare, zaren kuma ya haifar da farin haske da ya faro daga launukan da ke ƙetaren shuɗi har zuwa na ƙetaren ja, waɗanda ido ba ya gani. Masanan sun karɓo amsa-kuwwarsa daga tsayin fiye da kilomita 10, kuma sun wallafa bayanin aikin a mujallar Science a 2003. A Japan, masu bincike a Osaka sun haɗa dabarun biyu wajen shekarar 2008: suka auna karkatar alƙibla a launuka uku na farin hasken a lokaci ɗaya, suka kuma gwada shi a kan ƙurar hamadun Asiya da iskar bazara ke kai musu kowace shekara. Amfanin haɗin a fili yake. Alƙibla tana faɗin siffa, launuka suna faɗin girma da irin iskar da ke wurin, lokacin dawowa kuma yana faɗin tsayi, duka daga harbi ɗaya.

Har yanzu manyan na'urorin farin haske kayan ɗakin bincike ne. Suna da tsada, suna buƙatar wuta tsayayya da ɗaki mai sanyi marar ƙura, kuma haskensu haɗari ne ga ido, don haka ba a harba shi kusa da hanyar jirage sai da izini da tsaro. Da rana ma, hasken rana yakan dushe amsa-kuwwar, tunda shi ma fari ne. Akwai ƙananan samfura da ke haifar da farin hasken a cikin zaren gilashi, amma zangonsu gajere ne, sun fi dacewa da auna iskar gas a kusa da masana'anta.

Kallo daga sama

Abin da ya riga ya zama kayan aiki na yau da kullum shi ne laida mai launi ɗaya zuwa uku da ke auna alƙibla. A ranar 28 ga Afrilu, 2006, NASA da hukumar sararin samaniya ta Faransa suka harba tauraron CALIPSO, mai ɗauke da laida da ke leƙo ƙasa daga tsayin kimanin kilomita 700. Ya yi aiki har zuwa Agustan 2023. Daga bayanansa na 2007 zuwa 2013 ne masana suka ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙura ke ficewa daga yammacin Sahara kowace shekara, tan miliyan 27.7 daga ciki kuma yana sauka a dajin Amazon, ɗauke da kimanin tan 22,000 na sinadarin fosfaras, wanda taki ne ga tsirrai. A watan Mayun 2024, Turai da Japan suka harba EarthCARE, wanda ya ci gaba da wannan aiki da sabuwar laida.

Duk da haka tauraro ba ya maye gurbin na'urar ƙasa. Hasken CALIPSO siririn layi yake ja a doron ƙasa, faɗinsa bai wuce na filin ƙwallo ba, kuma sai bayan kwana 16 yake sake bin layi ɗaya. Wannan ya wadatar wajen lissafin shekara, amma bai isa ya gaya wa matuƙin da zai sauka a Durum da la'asar abin da zai tarar ba. Turai ta kafa jerin tashoshin laida na ƙasa tun shekarar 2000, Gabashin Asiya ma tana da nata. Birtaniya ta girke nata ne bayan tokar dutsen Aisilan ta 2010 ta jawo soke tashin jirage kimanin 100,000, kuma da awon alƙibla take bambance toka da gajimare. A Afirka ta Yamma, wadda ta fi su shan ƙura, tashoshin da aka sani 'yan ƙalilan ne, irin na Mindelo a tsibiran Kef Bad.

Abin da ya shafi rai da lafiya

Ga zirga-zirgar jirage, fa'idar ita ce gargaɗi da wuri. Sau da yawa ƙura takan iso ne a sama tukuna, sannan ta gangaro idan rana ta ɗumama ƙasa iska ta fara cuɗanya. Na'urar da ke ganin hawan ƙura a tsayin kilomita ɗaya da asuba tana iya bai wa hasumiyar filin jirgi da kamfanoni sa'o'in da za su gyara jadawali kafin fasinja ya baro gida.

Ta fuskar lafiya, lamarin ya fi nauyi. Bauchi tana cikin yankin sanƙarau da ya ratsa daga Senegal zuwa Habasha, inda cutar ke tashi a watannin rani masu ƙura da busasshiyar iska, ta lafa da faɗuwar damina. A annobar 1996 sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Tsakanin 1 ga Oktoba, 2023 da 11 ga Maris, 2024, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 1,742 da ake zaton sun kamu da kuma mutuwar 153 a jihohi bakwai, har da Bauchi. Ƙura ba ita ce ƙwayar cutar ba, amma masana na ganin ita da bushewar iska suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, su buɗe wa cutar ƙofa. Sanin makon da ƙura ta yi tsanani a ƙasa yana taimaka wa jami'an rigakafi wajen sanin inda za su fara sa ido. Burkina Faso ta fara amfani da tsarin gargaɗin ƙura na yanki-yanki tun 2018, da tallafin cibiyar hasashen ƙura da ke Basalona a Sifen.

Abin da ke gaban Abuja

Hukumomin da aikin ya shafa duk suna nan. NiMet tana da jami'ai a filayen jirage. Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, NASRDA, tana da cibiyar binciken iska a Anyigba da ke Jihar Kogi da kuma cibiyar nazarin hotunan tauraro a Jos, maƙwabciyar Bauchi. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, tana da malaman kimiyyar lissafi da injiniyoyi a Yelwa da Gubi. Hukumar NCDC kuma ita ke tattara alƙaluman sanƙarau.

Matakin da ya dace da aljihu ba lezar terawat ba ne. Akwai ƙananan na'urorin auna tsayin gajimare, irin waɗanda filayen jirage suka saba saya, da yanzu ake ƙerawa da awon alƙibla a ciki, kamar Vaisala CL61. Ba sa cutar da ido, kuma suna aiki ba tare da mutum ya tsaya a kansu ba. Guda uku ko huɗu a jere, daga Maiduguri zuwa Kano da Bauchi da Abuja, za su nuna tafiyar ƙura daga ƙofar shigarta har zuwa babban birni. Binciken farin haske kuwa gurbinsa jami'a ne, ta hanyar haɗin gwiwa da cibiyoyin da suka riga suka mallaki kayan, waɗanda su ma ke neman wurin da ƙura take da yawa don gwaji.

Inda irin wannan shiri ya saba tuntuɓe shi ne bayan yanke kintinkiri. Na'urar da ke kallon sama a cikin hazo tana buƙatar mai goge gilashinta a kai a kai, da batir da hasken rana don kada awon ya yanke, da mai daidaita ta lokaci-lokaci, da kuma ƙa'idar da ta tilasta sakin bayanan ga hasumiya da asibiti da jami'a a rana guda. Duk waɗannan layuka ne na kuɗin gudanarwa a kasafin shekara, ba na sayen kaya ba, kuma a teburin daraktocin tsare-tsare da mataimakan 'yan majalisa ake rubuta su ko a tsallake su.